Daga Alsahafa Zuwa Sabirin Neman Katin Tsohuwar Kwamfuta

A wannan wata ina so in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi daga unguwarmu Alsahafa zuwa Umdurman, a kan wani abu da bai fi tafin hannu ba. Mai yiwuwa wani malami ko wani uba yana fama da irin matsalar da ta tashe ni, sai ya amfana.

Ga wanda bai san Alsahafa ba, unguwa ce a kudancin Khartum, titin da ake kira Sahafa Zalaɗ ya raba ta gabas da yamma. Jabra na yamma da mu, Arkawit na gabas, ga kuma Suƙ Markazi da babbar tashar Mina Barri a gefenmu, inda motocin Madani da Gadarif da Kasala suke lodi. Dattawan unguwa suna cewa ta samo sunanta daga jaridar Alsahafa ta marigayi Abdurrahman Mukhtar. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki, don da yawa daga iyayenmu a Ishash Fallata suka girma, kafin a kwashe mutanen wurin zuwa Inƙaz a farkon shekarun 1990. Jikokinsu ne suka cika rabin ajina.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, na kwashi iyali muka yi Madani, daga can kuma muka ƙara gaba zuwa Gadarif a watan Disamba na shekarar. Bayan sojoji sun karɓi Khartum a watan Maris 2025, sai da na ƙara wasu watanni kafin na dawo. Abin da na tarar a makarantarmu, gani ya kori ji. An cire ƙofofi, an zare wayoyin wuta daga cikin bango saboda jan ƙarfen da ke ciki, littattafai kuwa gara da ruwan sama sun gama da su. A ɗakin kwamfuta ba a bar komai ba sai wata siririyar tsohuwar kwamfutar ofis, ƙirar wajen 2008, tana kwance a ƙarƙashin tebur cikin ƙura. Tsufanta ne ya cece ta, ba wanda ya ga ta isa ɗauka.

A cikin wannan kwamfuta na tara darussan lissafi da kimiyya na shekaru, da taswirori, da hotunan shafukan littattafan aji shida. Tun da ba littafi a hannun yara, sai iyaye suka haɗa kuɗi aka sayi faifan hasken rana da batir, wani bawan Allah kuma ya ba da talabijin, don a riƙa nuna shafi ɗaya yara sittin su karanta tare. Da muka kunna kwamfutar sai fanka ta juya, fitila ta kama, amma ba hanyar fitar da hoto. Wanda ya fizge allonta ya karya shuɗiyar kafar nan ta VGA, ita kaɗai ce kuma a jikinta, talabijin ɗin kuwa HDMI yake karɓa. Magani shi ne a sa mata abin da masu gyara a nan suke kira kart shasha, wato katin da ke fitar da hoto.

Wani maƙwabcina ya ji labari, sai ya kawo mini katin ɗansa da ke Masar, ƙato mai fanka biyu, ya ce, "Ustaz, wannan ya fi ƙarfin duk abin da kake nema." Na yi godiya na tafi da shi ina murna. Da na buɗe kwamfutar sai na ga ƙarfen bayan katin ya ɗara akwatin tsawo, murfi ba zai rufu ba, ga kuma wata kafa mai ramuka shida a kansa tana neman wayar wuta wadda babu irinta a ciki. Na mayar masa da kayansa cikin kunya. A kwalejin horar da malamai an koya mana a san yaro kafin a shirya masa darasi, ashe ita ma na'ura haka take.

Matambayi ba ya ɓata. Na nemi lambar wani tsohon ɗalibina ɗan Inƙaz, wanda a da yake gyaran kwamfuta a Suƙ Arabi, yaƙi kuma ya mayar da shi Umdurman. Ya ce, "Malam, kada ka taso sai ka kawo mini amsar abu huɗu: irin gurbin da ke kan mazabod, tsayin akwatin, ƙarfin akwatin wutarta, da irin kafar da talabijin ke karɓa. In da hali ma ka ɗauko ta gaba ɗaya." Mazabod shi ne babban falle na ciki wanda kowane sashe yake dasawa a kansa.

Ga abin da ya koya mini game da gurbi, don nan ne mutane suka fi yin asara. Iri uku ne ake samu a tsofaffin kwamfutoci. Akwai PCI, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1992, yawanci fari ne. Akwai AGP na 1997, wanda aka yi musamman don katin hoto, yawanci ruwan ƙasa ne, kuma ya ɗan ja baya daga bangon akwati. Shi kansa AGP ɗin akwai mai aiki da bolt 3.3, akwai mai 1.5, don haka ba kowane kati yake karɓa ba. Sai PCI Express, wanda ya shigo kasuwa a 2004 ya ture AGP. Na katin hoto shi ne dogon nan da ake kira x16, mai ɗan makulli a ƙarshensa. Kowane iri da inda aka yi masa tsaga, saboda haka katin wani ba ya zama a gurbin wani, wanda ya danna da ƙarfi kuwa sai ya yi ɓarna. Alherin PCI Express shi ne sabon kati yana aiki a tsohon gurbi, sai dai ya rage gudu, gajeren kati kuma yana zama a dogon gurbi. Na haska da fitilar waya, na ga tamu tana da farin PCI guda da baƙin x16 guda. A jikin akwatin wutarta an rubuta wat 240.

Ranar Asabar da sassafe na naɗe kwamfutar cikin bargo na shiga hafila. Muka bi ta tsakiyar gari, muka gifta gefen Suƙ Arabi, inda a da mutum kan sami kowane irin kayan kwamfuta a bene guda. Na ga shagunan da na sani baƙi ƙirin, ƙofofinsu a lanƙwashe. Ba wanda ya yi magana a cikin motar sai wata tsohuwa da ta riƙa salati. Muka ƙetare Farin Nilu kusa da Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa, muka shiga Umdurman, na sake mota zuwa Sawra a yankin Karari. Can ne kasuwar Sabirin take, wadda ta cika ta batse a lokacin yaƙi saboda 'yan kasuwa da masu sana'a da suka koma wurin. Ita ma ba ta tsira ba, don a ranar 1 ga Fabrairu 2025 harsasan igwa sun faɗa cikinta, mutum fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Na sami yaron nawa a wata 'yar rumfa, tebur ɗaya da allo ɗaya. Ya tashi ya karɓi kayan, ya aika aka kawo mini shayi, muka gaisa da tambayar waɗanda suka rayu da waɗanda suka riga mu. Sa'an nan ya buɗe akwatin ya ce, "Malam, gurbin x16 ba ya ba da wuta fiye da wat 75, wasu ƙananan kwamfutocin ofis ma ba su kai haka ba. Katin da ya fi wannan ci sai an ƙara masa waya daga akwatin wuta, taka kuwa ba ta da ita. Kuma tun da batir kuke aiki, kati mai ƙaramin ciki ya fi muku."

Na nuna wani sabon kati a cikin kwali na ce, wancan fa? Ya yi dariya ya ce, "Wancan zai shiga gurbin, amma ba lalle ta tashi da shi ba. Kwamfutarka da tsohon tsarin tashi na BIOS take aiki, wasu sababbin katuna kuwa sun fi jituwa da sabon tsari na UEFI. Ko ta tashi, ba za ka sami ta'arifinsa na Windows 7 ba." Ta'arif shi ne ɗan shirin da ke gabatar da kati ga kwamfuta har ta san yadda za ta yi aiki da shi.

Daga ƙarshe ya ɗauko GeForce GT 710, ɗan siriri marar fanka, wanda cinsa bai wuce wat 19 ba. A cikin kwalinsa akwai gajeren ƙarfen baya na siraran akwatuna. Ya kwance dogon ya ɗaura gajeren, ya cire kafar VGA da ke rataye da 'yar waya tun da ba ma bukatarta, aka bar HDMI da DVI. Na tambaye shi asalin katin, don kowa ya san kayan gidajen mutane sun cika kasuwanni, limamai ma suna ta gargaɗi a kan sayensu. Ya nuna mini takardar dilan da ya sayar masa. Ya gwada katin a gabana hoto ya fito, ya zuba mini ta'arif a filasha, na biya ta Bankak. Kuɗin aikinsa kuwa ya rantse ba zai karɓa ba, ya ce, "Malam, kai ka koya mini jadawalin sau." Ya kuma zare katin ya mayar cikin ledarsa saboda girgizar hanya, ya sa na maimaita yadda ake sa shi har sau biyu, kamar yadda nake sa su maimaita karatu.

Washegari a makaranta na bi abin da aka koya mini. Na zare wayar wuta, na danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke wutar da jiki kan tara a busasshiyar iska irin ta Khartum. Na riƙe katin ta gefe, ban taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya ba, na daidaita tsagarsa da ta gurbin, na danna, na ɗaure ƙarfen baya, na sa wayar HDMI a jikin katin. Yara sun cika taga suna leƙe. Na kunna, fanka ta juya, talabijin kuwa baƙi wuluk.

Gabana ya faɗi, don kuɗin iyaye ne, wasunsu ma da kyar suke samun na ful. Na kashe, na zare wuta, na duba da kyau, sai na ga ƙarshen katin bai zauna ba, makullin bai kama ba, ga ƙurar hanya a cikin gurbin. Na hure ta, na ɗauki magogin fensir na goge haƙoran a hankali, na mayar na danna da yatsu biyu har na ji ɗan ƙas. Da na sake kunnawa sai rubutu ya fito a talabijin. Na sa ta'arif, hoto ya cika allo, sauti ma ya biyo ta wayar HDMI. Abin da na fara buɗewa taswirar Sudan ce, na ce kowane yaro ya zo ya nuna garin da ya yi gudun hijira. Wannan ya nuna Kosti, wancan Sinnar, wata yarinya ta nuna Mai Wurno ta ce can kakanninta suke. Darasin ranar ke nan.

Yanzu kullum da safe muna karanta shafi biyu daga talabijin kafin rana ta yi zafi. Yaran da suka yi shekara biyu ba makaranta, wasu har sun manta raba dogon lissafi, sun fara dawowa hanya. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Shawarata ga 'yan'uwa a Kasala da Gadarif da Damazin da sauran wurare, in kuna da tsohuwar kwamfuta a gida ko a makaranta, kada ku yi saurin jefar da ita, kada kuma ku sayi kati don girmansa ko don yawan fankarsa. Ku buɗe ta ku ga gurbin da idonku, ku auna tsayin akwatin, ku karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin wuta, ku duba kafar allonku. Ku ɗauki hotonsu a waya ku tafi da shi kasuwa, kuma kada ku biya sai an gwada a gabanku. Mai kwamfutar da gurbinta AGP ne, sai ya nemi tsohon kati irin nata a wurin masu gyara, don an daɗe da daina ƙera su.

Allah ya saka wa iyayen yara da alheri, ya yi wa wannan ɗalibi nawa albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.