Ga Mai Son Sayen Gida A Salaga

'Yan'uwa mazauna zangon Kumasi da Nima, mu malaman makaranta da fansho ya fara leƙo mu, kuɗin hayar shekara biyu da masu gida ke karɓa a dunƙule ya sa hankalinmu ya koma Salaga. Nan ne kakanninmu fatake ke zuwa sayen goron Gwanja, kuma har yau Hausa na ci a kasuwa.

To, amma a yi hattara. Ƙasa ta sarakuna ce, fadarsu na Kpembe, dab da gari. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ƙasar sarauta ɗungurungum, sai dai haya ta shekaru. A karɓi takardar sarki, a yi rajista a ofishin filaye. Tsofaffin gidaje kuwa yawanci na gado ne. In magada ba su sa hannu duka ba, wata rana ɗan da ke Accra zai dawo ya ce bai san zancen ba. A kuma tambayi ruwa kafin farashi, domin ranin nan ba wasa.

Mun ga tsofaffin rijiyoyi da kasuwar bayi, wurin da ke sa baƙo yin shiru. Daga Makango jirgin ruwa na ƙetare Volta zuwa Yeji. Doya kam, sai wanda ya ƙi.