Inda Baƙuwa Za Ta Ci Abinci A Maraɗi

Ya 'yan'uwana mata, mu mutanen Gatawa da Sabon Birni da Isa ba mu rasa dangi a Maraɗi da Tsibiri, garin Sarkin Gobir. Amma ba kullum baƙuwa ke isa gidan dangi lokacin tuwo ba. To, ga abin da na gani a tafiyata.

In kin sauka da hantsi, nufi babbar kasuwar Maraɗi, wadda ta fi cika ran Litinin da Jumma'a. Da safe akwai ƙosai da waina, da rana kuwa dambu da zogale, ko shinkafa da wake. Mai son kifi ta nemi na tafkin Madarumfa, a soya a gabanta. Kilishi shi ne guzurin komowa, gama ba ya lalacewa a hanya.

Ki lura da lissafinsu. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in mai abinci ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Ni da ban sani ba, sai da yara suka yi mini dariya.

Babban gargaɗina shi ne, ki ci abin da kika ga yana tururi. A daminar 1442, wato 2021, kwalara ta kashe mutane a Sakkwato da Maraɗi, kuma gurɓataccen ruwa ke yaɗa ta. Kada ki ba yaro furar da aka dama da ruwan da ba ki san asalinsa ba, kome kukansa. Sayi curin fura, ki dama da ruwanki da kika tafasa.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Wassalam.