Wai Mai Rubuta Manhaja Injiniya Ne?

Mai karatu, a garin nan ba a rowar sunan injiniya. Mai gyaran janareto injiniya ne, yaron da ke haɗa mana sauti a situdiyo ma haka muke kiransa. A hukumance kuwa, COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke cewa wane ya cancanci sunan. Mu 'yan foliteknik mun san zafin abin, don mai babbar difloma ajinsa daban ne da na mai digiri.

To ina matsayin masu rubuta manhajar kwamfuta? Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci rubuta manhajar kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969, ta dage a kira aikinsu injiniyanci. Da farko dariya aka yi mata. Ni dai ina bayanta. Dubi jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX da suka faɗi, ɗaya a Indunusiya a 2018, ɗaya a Habasha a 2019, mutum 346 suka rasu. Na'urar awo guda ce ta ba da bayanin ƙarya, manhaja ta yi ta sunkuyar da hancin jirgin, matuƙa na ɗagawa tana dannewa. Wanda rubutunsa ke riƙe da rayuka haka, me ya rage masa?

Inda nake ja da su guda ne. Mai zana gada yana sa hannu da hatimi. In ta rufta, lasisinsa na iya tafiya, wataƙila har kotu. Su kuwa, kafin ka buɗe manhajar wayarka sai an sa ka danna "na yarda", wato duk abin da ya biyo baya ba ruwansu. Tsakani da Allah, ka taɓa karanta wannan doguwar takardar?