Daga Tiga zuwa Falgore, da ƙullin sassaƙe a jaka

Bayan sallar asuba muka bar Kano, ni da ɗiyar yayana wadda ta karanta kimiyyar abinci. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai, zoɓo ya yi jawur a gefen gonaki. Doguwa muka nufa, amma muka ratse Bebeji don ta ga madatsar ruwan Tiga, aikin zamanin Gwamna Audu Bako da aka kammala a 1974. Ni ruwa nake kallo, ita kuwa idonta na kan tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a jikin madatsar.

A Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, muka tsaya wurin wani dattijo mai maganin gargajiya. Ya baje sabara da marke da kalgo da bagaruwa a kan buhu, ga sassaƙen maɗaci an ɗaure ƙulli-ƙulli. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, yaya ake haɗa wannan?"

"A tafasa shi sosai, 'yata, har ruwan ya yi duhu. Wani kuma jiƙo ake yi, ya kwana."

Na sayi ƙulli ɗaya. Ya ce da a bayan gari yake sassaƙowa, yanzu sai daga kudu ake kawo masa.

Muna ɗaukar hanyar Tudun Wada ta karɓi goron da ke hannuna ta ɓare. Kafin mu yi nisa, fuskar goron ta rine. Ta ce, "Baffa, iska ce ta ci shi, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. Irin wannan ɓarnar tana faruwa a cikin jiki, kuma tsirrai suna ɗauke da sinadaran da ke tare ta. Jan da ke cikin zoɓo yana cikinsu, haka baurin bagaruwa." Matsalar, in ji ta, sinadaran a kulle suke. Ganye ɗakuna ne ƙanana birjik kamar saƙar zuma, kowane ɗaki da tantanin da ya rufe shi. Tafasa tana fasa tantanin, amma doguwar wuta tana lalata wasu daga cikin abin da ake nema, musamman bitamin C da launin zoɓo.

A nan ta kawo zancen lantarki. Ana zuba ɗanyen ganye da ruwa tsakanin faranti biyu na ƙarfe, a riƙa sakar masa lantarki mai ƙarfi, kamar bolt 1,000 zuwa 3,000 a kowace santimita, amma bugu-bugu, kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Idan ƙarfin da ya taru a kan tantanin ya kai wajen bolt 1, sai ya huje, ruwan ciki ya tsiyayo, ganyen kuwa bai dahu ba. Wani injiniya Bajamushe, Heinz Doevenspeck, ya yi rajistar dabarar a 1960. Yau masana'antun soyayyen dankali a Turai da Amurka suna tausasa dankali da ita kafin yanka, an kuma gwada ta a kan ɓawon inabi da zaitun, aka ga abin da ake tatsa ya ƙaru.

Na ce to ai shi ke nan, mun sami magani. Ta girgiza kai. Dabarar ta fi aiki a kan ɗanyen abu mai ruwa. Busasshe sai an jiƙa shi, sassaƙe mai tauri kuwa ba ya ba da kai da sauƙi. Sannan sinadari ya nuna ƙarfi a kwalbar gwaji daban, ya warkar da mutum daban. Wannan tsantseni nata ya burge ni, domin na gaji da masu lasifika a tasha da ke cewa garin maganinsu ɗaya yana warkar da cuta arba'in.

Tudun Wadan Dankadai muka wuce cikin ƙamshin turaren shinkafa, ba mu tsaya ba sai shan mai.

Da muka shiga dajin Falgore iska ta sauya, inuwa ta rufe titi. Direba ya tsaya duba taya, na taka kaɗan zuwa gefen hanya. A nan na ga wani maɗaci da mutum biyu ba za su rungume shi ba, an zagaye shi da gatari, an kwashe ɓawonsa iya inda hannu ya kai. Ta ƙarƙashin ɓawo abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa, don haka itacen da aka yi wa zobe irin wannan mutuwa yake yi a tsaye. Ƙullin da ke jakata ya yi mini nauyi.

Ban ga laifin dattijon Kwanar Dangora ba. Marasa lafiya ke zuwa wurinsa, asibiti kuma da nisa da tsada. Abin da nake so shi ne masu binciken tsirran magani a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su auna ganyen itatuwan nan su gwada shi da sassaƙe. Ganye yana tohowa, kuma shi ne lantarki ya fi iya buɗewa. Tunda ɗanye ake so, wurin injin bugun lantarkin kusa da daji ne da gonakin zoɓo da zogale, a hannun ƙungiyar masu maganin da manoma, ba a wani birni da ganye zai yi yaushi kafin ya isa ba. Irin wannan haɗin gwiwa ba sabo ba ne: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa haɗa Niprisan, maganin masu sikila, daga karan dafi da kanumfari da masoro da wani itace na huɗu, kuma daga wurin mai maganin gargajiya ilimin ya fito.

Kafin mu kama hanyar Riruwai, garin kuza, ta tambayi direba ina ruwan dajin nan yake zuwa. Ya nuna arewa da haɓa, ya ce duk Kogin Kano yake faɗawa, shi ne wanda muka gani da safe a Tiga. Ta fito da littafinta ta rubuta, sannan ta tsinko ganyen maɗacin guda uku daga reshen da bai bushe ba, ta sa a tsakanin shafuka.