Kifin Kogin Delaware da Tashar Salem

Jama'a, kwana biyu wani kifi ya tsaya mini a rai. Sturgeon sunansa, yana kogin Delaware a Amurka. Yakan kai shekara 60, macen kuma sai ta haura shekara 10 kafin ta fara ƙwai. Tun 2012 aka sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Tashar nukiliya ta Salem na zuƙar galan kusan biliyan 3 kullum daga kogin don sanyaya injinanta. Ƙarfin ruwan kan manna kifin da ƙarafan tare shara na bakin mashigar. Wani a tsamo shi da rai, wani gawa.

Abin haushin, maƙwabciyarta Hope Creek tana da hasumiyar sanyaya ruwa, kaɗan take ɗiba. Kamfani ɗaya ke tafiyar da su.