Daga Ƙofar Wambai Zuwa Titin Gidan Zoo: Inda Ake Yanke Wa Fim Hukunci A Kano

Baƙon da ya shiga Kasuwar Ƙofar Wambai a yau, abin da zai fara cin karo da shi robobi ne: bokitai, butoci, kwanduna da kujeru an jibge su har bakin titi. In ya ƙara kutsawa ciki sai ya tarar da 'yan gwanjo suna kwance dila, ga masu zare, ga masu takalma, ga 'yan dako suna ta “hanya! hanya!” Da wuya ya yarda in aka ce masa a nan ne fim ɗin Hausa ya taɓa samun babbar kotunsa, kotun da ba alƙali, ba lauya, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Amma haka abin yake. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa lokacin da faifan sidi ya kori kaset, Ƙofar Wambai da Bata su ne cibiyar dillalan finafinai. Daga nan kaya ke tashi zuwa Kaduna, Sakkwato, Jos da Maiduguri, su tsallaka Maraɗi da Damagaram, har zango-zangon Ghana da Kamaru. Tsarin cinikin kuwa na daban ne. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalin kaset mai ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su kuma su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a kan kaset ɗinsu, su saka a ciki su sayar. Ke nan furodusa kwali yake sayarwa, kuma da yawan kwalin da ya shige ake gane ko fim ya yi kasuwa ko ya kwanta. Shi ya sa a wancan zamani in 'yan fim biyu suka haɗu, bayan gaisuwa tambayar da ke biyowa ita ce, “Kwali nawa ka buga?” Wanda aka ce ya ƙaro kwali, wannan ya haye. Wanda kuwa aka dawo masa da nasa a ɗaure kamar yadda ya kawo, to sai dai a yi masa jaje.

Sai dai ɗan kasuwa ba shi ne ainihin alƙalin ba, shi mai isar da hukunci ne kawai. Alƙalan suna can cikin lunguna, a Yakasai, Gwammaja, Kurna, Fagge da Ɗorayi, kuma akasarinsu mata ne a cikin gidajen aure. Dalili a fili yake. Silima a Kano ta daɗe tana da baƙin jini. Tun da aka buɗe Rex a 1937, sannan Palace ta biyo baya a Jakara cikin birni a farkon shekarun 1950, ana kallon gidan silima a matsayin wurin maza, macen da ta shiga kuwa sai ta sha surutu. Da bidiyo ya shigo, musamman bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, sai fim ya bi mata har ɗaki. Uwargida za ta aiki yaro shagon haya da 'yan nairori a hannu, ya karɓo sabon fim, a kalla bayan isha'i in NEPA ta yi mutunci. Washegari kafin azahar hukunci ya riga ya tsallaka katanga. “Maman Abba, kin ga sabon nan kuwa?” “Na gani, Yaya. Ni dai kuɗina na yi asara.” Shi ke nan, wannan fim ya mutu a layin.

Mai shagon haya ya fi kowa sanin sakamakon, don shi ba ya buƙatar a gaya masa. Kaset ɗin da ya kwana uku a kan kanta ba wanda ya tambaya, ya san matsayinsa. Wanda kuma yara ke layi a kansa har ana rubuta suna, gobe da sassafe zai koma Ƙofar Wambai ya ƙaro biyu ko uku. Har ma akwai wata shaida da ba ta ƙarya: in aka dawo da kaset aka ga hoto ya fara rawa yana yin layi-layi daidai wurin waƙa, to an yi ta mayar da shi baya ne ana maimaitawa har zaren ya gaji.

Ma'aunin 'yan kallon Kano ba na taurari ba ne irin na jaridun Turai, na baki ne, amma yana da matakai, kuma kowa ya san su. A can sama akwai “ya haɗu” da “ƙarshe ne”. Ƙasa da su akwai “ya yi”, sai “ba laifi”, wanda sau da yawa ladabi ne kawai ake yi wa fim ɗin da aka yi barci a tsakiyarsa. Daga nan sai “waƙoƙin ne kawai”, sai kuma na ƙarshe, “kada ka ɓata kuɗinka”. Akwai kuma wata kalma guda da ke iya zubar wa darakta da mutunci a majalisa: “wanki ne.” Wato an ɗauko labarin fim ɗin Indiya an sa masa hula da ɗankwali. Mutanen Kano kuwa ba a yi musu wannan wayon, domin sun sha kallon Indiya tun a Plaza, Orion, El Dorado da Marhaba, har sun raɗa wa jaruman can sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Da Khusufi na Ali Nuhu ya fito, ba a ɗau lokaci ba 'yan kallo suka ce ai Taal ne. Abin dariyar shi ne, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan wanki su ne kuma suka fi kowa rububin kallo, don su ga ta ina aka bi, ta ina aka kauce.

Wannan hukunci na baki ya taɓa juya industiri gaba ɗaya. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja, ya fito ne a 1999, kuma waƙarsa ta shiga ko'ina, daga gidan biki har bakin 'yan talla. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000, shi ma ya tashi kan jama'a. 'Yan kasuwa suka karanta abin yadda suka ga dama: ashe waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan sai aka shiga zamanin da furodusa zai fara zuwa situdiyo a buga masa waƙoƙi a fiyano, a ɗauki rawa, a yanka tirela, sannan a zauna a nemi labarin da za a liƙa a jiki. A nan dai dole a faɗi gaskiya, 'yan kallo suna da nasu kason na laifin. Wanda ya ce “waƙoƙin ne kawai” amma ya sake aikawa a karɓo masa kashi na biyu, ya riga ya jefa ƙuri'a, kuma ɗan kasuwa kuɗin da ya shigo yake ƙirgawa, ba ya jin tsakin da aka yi a ɗaki.

Akwai wata kotun kuma da ta zo daga baya, mai takarda da hatimi. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, 'yan fim da dama suka koma Kaduna da aiki. Hukumar tana iya hana fim fita, ko ta sa a yanke wani wuri. Abin da ba ta taɓa iyawa ba shi ne ta sa matan Kurna su so fim ɗin da ba su so.

Daga Ƙofar Wambai, in mutum ya tari A Daidaita Sahu (acaɓa dai an hana ta ɗaukar fasinja a Kano tun 2013) ya nufi kudu, zai iya tsayawa a Farm Centre. Nan ne unguwar silimar Marhaba, inda a da manyan finafinan Hausa kan fara haskawa, musamman da Sallah, kafin a sake su a kaset. A irin wannan dare furodusa kan laɓe a baya yana sauraro. In aka yi tafi da fito, ya samu barci. In kuwa ya ga mutane sun fara zamewa tun kafin a kai rabi, to ya san abin da zai tarar a kasuwa. Yanzu sunan Farm Centre ya fi tafiya da kasuwar waya, kuma wayar ce ta ƙarasa abin da satar fasaha ta fara. Da masu tura finafinai suka bazu a kowace kusurwa da kwamfutocinsu, suna zuba wa mutum finafinai a memori da kuɗi kaɗan, sai sidi ya bi kaset. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na Algaita, suka zo suka ƙara cinye abin da ya rage. Dillalan Ƙofar Wambai da yawa suka sauya sana'a.

Wajen mai turi ma akwai majalisa, kuma shi ne ya gaji kujerar mai shagon haya. Matashi zai miƙa waya ya ce, “Oga, me ya fito mai kyau?” Shi kuma ya zaɓa masa. Bambancin shi ne, a da in an ce fim ya haɗu, maganar tana komawa Ƙofar Wambai ta zama kwali, kwali ya zama kuɗi a aljihun furodusa. A wajen mai turi kuwa yabon a nan yake tsayawa. Fim zai iya zagaye Kano kaf, kowa na cewa ƙarshe ne, wanda ya zuba jarinsa bai ga ko sisi ba.

Zangon ƙarshe shi ne Titin Gidan Zoo. Nan ne ofisoshin 'yan fim da situdiyoyi suka taru, musamman wajen Gidan Ɗan Asabe, inda da yamma ake ganin matasa a tsaye a gindin bene, wasu sun zo neman a saka su a fim, wasu sun zo ganin jarumi ido da ido su ɗau hoto. Sunan Kannywood ɗin ma da ake ta kira, a mujallar Tauraruwa ya fara fitowa a 1999, shekarar da mujallar Fim ta soma fita. A wannan titi hukunci ya fi na ko'ina zafi, sai dai kuma ya fi na ko'ina son kai, domin kowa yana da uban gida. Yaron wane ba zai taɓa yarda fim ɗin wane ya yi kyau ba, ko da kuwa ya kalle shi sau uku a ɓoye. Wanda ke son jin gaskiyar yadda fim yake, gara ya tsallaka wajen mai shayi ya zauna kusa da waɗanda ba su san kowa a industiri ba.

A kan titin ne kuma aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a 2014, daga baya aka sa silima a ciki, mai sanyi da kujeru masu laushi. Finafinai irin su Mansoor na 2017 sun ja jama'a a can, har da 'yan mata da matan aure, abin da kakanninsu na zamanin Palace ba za su taɓa zato ba. Amma kuɗin tikiti ba na kowa ba ne, kuma allo ɗaya ko biyu ba za su ɗauki nauyin industiri guda ba.

Abin da ya ɗauke shi shi ne finafinai masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, YouTube ta zama sabuwar Ƙofar Wambai. Tambayar “kwali nawa?” ta koma “mutum nawa suka kalla?” Ta wani ɓangaren an samu gyara, domin kallon da aka yi a tashar mai fim yana kawo masa kuɗin talla, kuma tun da mako-mako ake sakin shirin, ƙorafin 'yan kallo yana iya isa kunnen marubuci tun labari bai ƙare ba. Ta wani ɓangaren kuma tsohuwar cutar ce ta sauya riga. Lambar da ke ƙasan bidiyo ba ta bambance wanda ya kalla ya ji daɗi da wanda ya kalla yana tsaki, kamar dai yadda kwali bai bambance ba. Shi ya sa ake jan labarin da ya kamata ya ƙare a zango biyu har ya kai zango takwas, jaruma na kuka tun bara ba a gaya wa kowa dalili ba.

Masu shayin Titin Gidan Zoo sun saba da wannan muhawara. Da an saki sabon kashi da daddare, kafin a kwashe tebura an riga an raba gardama gida biyu, masu cewa darakta ya iya jan rai da masu cewa ya raina wa mutane hankali ne kawai. Waya na yawo daga hannu zuwa hannu ana mayar da wurin da ake musu a kai. Wani zai rantse ya daina kallo daga yau, abokansa su yi masa dariya, don sun san ranar da kashi na gaba zai fito shi ne zai fara tambayar wa ke da data.