Lokacin da Duhu ne Ma'aunin Ledar Gilashi

A shekarun 1990, sa'ad da motocin Kwatano suka fara ture Fijo 504 da 505 daga titunan Kano da Kaduna, tambaya ɗaya mai mota yake yi in ya je sa baƙin gilashi: wacce ta fi duhu? Mai sana'ar zai warware naɗin leda, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce, "Alhaji, duba da kanka, ko tafin hannuna ba ka gani." Shi ke nan ciniki ya faɗa. Babu mai tambayar sunan kamfani, balle abin da aka yi ledar da shi.

Aikin kansa abin kallo ne. A gindin bishiya ake yi, a gefen Ƙofar Ruwa ko Panteka. A wanke gilashi, a kankare shi da reza, a fesa ruwan sabulu, a shimfiɗa leda, sannan a bi ta da ɗan faifan roba ana koro ruwan zuwa gefe. In lokacin hunturu ne, kafin a manna ƙura ta riga ta sauka, kuma duk ƙwayar da ta shige ƙarƙashi ta zauna ke nan har abada. Gwanin gaske shi ne mai yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ya fara, mai kuma ja maka kunne kada ka sauke gilashi sai bayan kwana biyu ko uku.

Yawancin ledar wancan zamani rini ce kawai a jikin roba. Tana hana idon mutane, tana rage ƙyallin rana, amma zafin haɗiye shi take yi, gilashin ya ɗauka, ya juyo maka da rabonka ciki. Bazara ɗaya ko biyu, sai baƙin ya koɗe ya koma shunayya, gam ya saki, gilashin baya ya yi bororo kamar bayan wanda ruwan zafi ya ƙona. Wajen ɓare ta kuma reza kan tsinke siraran layukan nan masu narkar da raɓa. Abin da ya fi damuna da ita shi ne dare: direba ya zo kwana, dole ya sauke gilashi don ya hango ɗan acaɓa ko yaro a bakin hanya.

Hukuma ma duhun ta sa wa ido. Tun 1991, zamanin Babangida, aka yi dokar hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izinin, a 2025 aka dawo da shi ta intanet.

Bayan rini sai aka shiga yayin mai ƙyalli, wadda aka shafa wa ƙarfe siriri. Ita kam tana mayar da zafi waje, ba ta saurin koɗewa, sai dai ta zo daidai da shigowar wayar salula a 2001, ƙarfen kuma kan raunana sabis da rediyo. Daga nan aka samu ta kabon, sannan ta siramik, wadda za ka gan ta garau amma ta fi tsohuwar baƙar leda tare zafi. A nan ne tsohon ma'auni ya rushe, domin kusan rabin zafin rana yana zuwa ne ta hasken da ido ba ya gani.

Yanzu lambobi ne suka maye gurbin ɗaga leda sama, kuma ban ga sun fi ta gaskiya a bakin kowa ba. Lambar 5 ko 35 ko 70 da ake sa wa leda yawan hasken da ke ratsawa take nufi, ba sanyi ba. Tare kashi 99 na hasken da ke ƙona fata kusan kowace leda ta kirki tana yi, ba abin ƙarin kuɗi ba ne. In an ce tana tare kashi 95 na zafi, sau da yawa ɗan yanki na hasken rana aka auna inda ledar ta fi ƙarfi, kuma fitilar nan ja da ake haska maka a hannu a shago wannan yankin take fitarwa. Lambar da ta cancanci tambaya ita ce ta jimillar zafin rana da ledar ke tarewa, wadda ko a leda mai tsada takan tsaya tsakanin kashi 40 da 60 da ɗoriya. Sunan kamfani irin 3M ko LLumar a jikin kwali kuwa, kowa na iya bugawa.

Abu ɗaya nake kewa daga wancan lokaci. Mai manna ledar yana nan a gindin bishiyarsa shekara da shekaru, motocin da ya yi wa aiki suna wucewa ta gabansa kullum, kana iya tsayar da mai ɗaya ka shafa gilashin, ka tambaye shi bazara nawa ta ci. Mai tallar siramik a Facebook zai aiko maka yaro har gida, ya manna, ya karɓi kuɗi, watan Afrilu na zuwa ka kira lambar ka ji ta a kashe.